Rukunin gidajen dattawa a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi kan zama, kuɗi da sauyin buƙatu

Rukunin gidajen dattawa sun daɗe a Birtaniya, amma mutanen da ke cikinsu a yau ba irin waɗanda aka gina su dominsu ba ne. Sun fi tsufa, sun fi fama da cututtuka, ma'aikatan da ke tare da su kuma sun ragu. Ga amsoshin tambayoyin da dattawa da 'ya'yansu suka fi yi kafin ƙaura da bayanta. Dokoki da adadin kuɗin da muka kawo na Ingila ne, sai inda muka faɗi akasin haka, domin Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin.

Wane irin gida ake nufi?

Ƙananan gidaje ne da aka haɗa wuri guda, galibi 20 zuwa 40, ko dai a gini ɗaya mai hawa biyu ko uku, ko a jere a ƙasa. Kowane mazauni da ƙofarsa da mabuɗinsa, da kicin da banɗaki da ɗakin kwana ɗaya ko biyu. Abubuwa uku ne suka raba su da sauran gidaje: manaja mai lura da mazauna da ginin, ƙararrawar neman agaji da ke aiki dare da rana, da wuraren da kowa ke da haƙƙi a cikinsu, kamar babban falo, ɗakin wanki, lambu da ɗakin saukar baƙi. Yawanci sai mutum ya kai shekara 55 ko 60 ake karɓarsa. A takardun hukuma za ku ga an rubuta "sheltered housing", wasu masu gidajen kuma sun koma rubuta "retirement living" ko "independent living".

Masu su iri-iri ne: ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin gidaje da ba sa neman riba irin su Anchor da Housing 21, kamfanonin da ke ginawa su sayar irin su McCarthy Stone, da kuma gidajen sadaka na tun da can.

Mene ne bambancinsa da gidan kula da tsofaffi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma a nan iyalai suka fi yin kuskure. A gidan kula da tsofaffi mutum ɗaki kawai yake da shi, ma'aikata suna nan dare da rana, su yi masa wanka, su sa masa tufafi, su ba shi magani da abinci, hukumar CQC mai sa ido kan ayyukan kulawa kuma tana zuwa ta duba aikinsu. A rukunin dattawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum ɗan haya ne ko mai gida, shi zai yi cefanensa, ya dafa, ya sha maganinsa, ya fita ya dawo lokacin da ya ga dama. Abin da ake ba shi lura ce da hanyar neman agaji, ba jinya ba.

Iyalai da yawa kan kai mahaifinsu ko mahaifiyarsu bayan an sallame su daga asibiti, suna zaton sun samu inda za a kula da su. Bayan mako biyu sai su tarar ba a sha magani ba, firji babu komai, sai rai ya ɓaci a ce manaja ya yi sakaci, alhali tun farko ba aikinsa ba ne. Wanda ke buƙatar a taimaka masa wajen wanka ko cin abinci yana iya zama a irin wannan gida, amma sai an shirya masa masu kulawa daga waje, da yarjejeniya dabam da biyan kuɗi dabam.

To mene ne aikin manajan?

Yana tuntuɓar mazauna da safe ta na'urar magana ko ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya kai rahoton abin da ya lalace, ya gwada ƙararrawa, ya taimaka wajen cike takardun neman tallafi, ya kira likita ko iyali idan ya ga alamar matsala. Ba ya ɗaga wanda ya faɗi, ba ya ba da magani, ba ya zuwa kasuwa a madadin kowa.

A da, mai lura da gidan a cikin rukunin yake kwana da iyalinsa, ana iya tashinsa da tsakar dare. A 2003 gwamnati ta tattara kuɗin irin wannan aiki a ƙarƙashin shirin Supporting People. A 2009 aka cire sharaɗin da ya hana ƙananan hukumomi kashe kuɗin a wani fanni, daga baya kasafinsu ya yi ta raguwa, sai aka yi ta janye masu kwana a gida. Yau manaja da yawa daga Litinin zuwa Juma'a suke aiki da rana kawai, wani ma rukuni uku ko huɗu yake zagayawa. Don haka kada ku tsaya ga "akwai manaja". Ku tambayi awa nawa yake yi a wurin a mako, wa ke maye gurbinsa idan ya tafi hutu, kuma wa ke zuwa da ƙafarsa idan abu ya faru daren Asabar.

Me ya sa ake cewa buƙatun mazauna sun canza?

Yawancin waɗannan gidaje an gina su ne a shekarun 1960 da 1970. Wata takardar umarni ta ma'aikatar gidaje a 1969 ta kasa su gida biyu: na dattawa masu sauran ƙarfi, da na waɗanda suka ɗan raunana masu buƙatar mai lura da falon taruwa. Wanda aka yi tunani a lokacin shi ne ɗan fansho mai shekara 60 da 'yan kai, wanda zai koma gidan kula da tsofaffi idan jiki ya ƙi. Shi ya sa aka gina ɗaki ɗaya da ya haɗa falo da wurin kwana, wani wurin ma da banɗakin haɗaka, da bene marar lif.

Yanzu lissafin ya sauya. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa mutum sama da miliyan 11 a Ingila da Wales sun kai shekara 65, wato kashi 18.6 cikin 100 na jama'a. Mutane suna daɗewa a gidajensu na asali, ba sa ƙaura sai wani abu ya faru, faɗuwa ko mutuwar abokin zama, don haka suna shigowa da shekara 80 ko fiye, da ciwon suga da na zuciya da raunin gani a lokaci guda. Gidajen kula da tsofaffi kuma sun yi tsada, hukuma ba ta biya wa mutum sai buƙatarsa ta yi tsanani, sai ya zama masu rauni sosai suna ci gaba da zama a inda ba a tanadi jinya ba.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba. Da tsofaffin ɗakunan suka rasa masu so, wasu masu gidajen sun rage shekarun shiga, suka karɓi masu shekara 55, wasunsu suna aiki, wasu suna fama da taɓin hankali ko shaye-shaye ko sun fito daga rashin matsuguni. Kowannensu yana da haƙƙin samun muhalli. Amma haɗa mai shekara 56 da mai shekara 92 a baranda ɗaya ba tare da ƙarin ma'aikata ba yakan jawo saɓani kan hayaniya da baƙin dare, kuma mai raunin ne ke janyewa ya kulle kansa.

Abin da mutane ke so ma ya canza: ɗakin kwana na biyu don jika ko mai kwana da su, intanet mai ƙarfi, wurin ajiye mota, wurin cajin keken lantarki na masu wahalar tafiya. Rahoton HAPPI na 2009 kan tsarin gidajen dattawa, wanda Lord Best ya jagoranta, ya jaddada fili da hasken rana da baranda da wurin ajiyar kaya, da gini da za a iya shigar da kayan kulawa cikinsa daga baya ba tare da an rushe bango ba.

Yaya ƙararrawar ke aiki, kuma me ke hana ta aiki?

A kowane ɗaki akwai jar igiya da ke rataye daga rufi, da akwatin magana a bango, ana kuma ba mutum maɓallin da zai rataya a wuya ko ya ɗaura a hannu. Idan an ja ko an danna, kiran yana zuwa wurin manaja idan yana nan, in ba ya nan ya wuce cibiyar da ke amsa kira dare da rana. Ma'aikacin cibiyar yana ganin sunan mutum da cututtukansa da lambobin 'yan uwansa, sai ya yi magana da shi, ya yanke shawarar kiran iyali ko ma'aikatan agaji ko motar asibiti.

Matsalolin da suka fi yawa daga hannun mutane suke. Ana naɗe igiyar banɗaki a maƙale ta sama saboda tana hana shara ko jikoki na ja, alhali an yi ta ne don wanda ke kwance a ƙasa. Ƙarshenta ya kamata ya tsaya kimanin santimita 10 daga daɓe. Ana cire maɓallin wuya a ajiye kusa da gado, sai mutum ya tashi fitsarin dare ya faɗi a banɗaki ba ya tare da shi. Ana cire shi lokacin wanka, alhali yawancinsu ruwan shawa ba ya ɓata su. Wasu kuma kunya ce ke hana su dannawa, wai kada su dami mutane. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65, da rabin waɗanda suka haura 80, suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Kwanciya a ƙasa fiye da awa guda tana jawo sanyin jiki da ƙarancin ruwa da lalacewar tsoka da ta ƙoda, wani lokaci ta fi faɗuwar kanta illa.

A gwada maɓallin sau ɗaya a wata, a gaya wa cibiyar gwaji ne. A sabunta lambobin waya duk lokacin da ɗa ya canza layi. A tabbatar akwai hanyar shiga, ko babban mabuɗin manaja ko ƙaramin akwatin mabuɗi mai lambar sirri, kuma kada mazauni ya sa sarƙa ko ya bar mabuɗi a jikin ƙofa daga ciki. Ga wanda kan suma, akwai maɓalli mai gane faɗuwa da kansa, sai dai ba ya gane zamewa a hankali daga kujera.

Mun ji za a kashe tsohon layin tarho. Ya shafi ƙararrawar?

Ya shafe ta ƙwarai. Kamfanonin sadarwa suna rufe tsohon layin tarho na waya suna mayar da kira ta intanet. An sa ƙarshen 2025 da farko, daga baya aka ɗage zuwa Janairun 2027. Tsofaffin ƙararrawa da sautuka suke aika saƙo, sabon layin kuma yakan gurɓata sautukan, kiran ya kasa shiga. Ga kuma batun wuta: tsohon layi yana aiki ko an ɗauke lantarki, sabon kuwa yana mutuwa tare da na'urar intanet idan babu batir. Ku tambayi mai gidan ko an sauya na'urorin rukunin, awa nawa batirinsu ke riƙewa, da ko akwai layin salula da kira zai bi idan intanet ya yanke. Wanda ke da layin kansa ya gaya wa kamfaninsa cewa yana amfani da ƙararrawar agaji kafin a taɓa layin.

Me za mu duba idan muka je ganin gida?

Gani ya kori ji, kuma ku je da abin awo. Ku duba gidan da idon shekara goma masu zuwa, ba da ƙarfin da mutum ke da shi yau ba. Faɗin ƙofa idan an buɗe ta ya kai santimita 80 ko kusa da haka, in ba haka ba keken guragu zai riƙa gogar hannu. Keken yana buƙatar da'irar mita ɗaya da rabi kafin ya juya, musamman a banɗaki da kicin. Dokin ƙofa kada ya wuce milimita 15. Soket da makunnin fitila su kasance tsakanin santimita 45 da 120 daga ƙasa, don kada a sunkuya ko a yi miƙa.

Banɗaki ne wurin da ya fi yanke wa mutum zama. Bahon wanka mai tsayin gefe shi ne abu na farko da ke gagarar dattijo; abin nema shi ne shawa da ke daidai da daɓe, da kujerar da ake naɗewa, da bango mai ƙarfin ɗaukar ƙarfen riƙewa. Ku buɗe famfon ruwan zafi ku ji: a tanki ana ajiye ruwa a digiri 60 don kashe ƙwayar cutar Legionella, don haka dole a samu abin da ke gauraya shi da na sanyi kafin ya fito, domin fatar tsoho tana saurin ƙonewa.

Idan gidan a sama yake, lif nawa ne? Idan ɗaya ne, ku tambayi mazauna sau nawa ya lalace bara da kwana nawa ya yi kafin a gyara, domin lif da ya tsaya mako guda yana nufin mako guda a kulle ga mai keke. Ku tura ƙofar shiga ku ji nauyinta. Ku ƙirga tafiyar da ke tsakanin gidan da tashar bas da kantin magani da asibitin unguwa, ku lura ko akwai hawa, saboda ranar daina tuƙi tana nan tafe. Ku koma sau na biyu da yamma bayan manaja ya tashi.

Yaya ake neman haya, kuma me ake biya?

Ana yin rajista a sashen gidaje na ƙaramar hukuma, a sa mutum a rukunin fifiko gwargwadon buƙatarsa. A wurare da dama ana tallata gidajen da suka samu kowane mako, mai nema ya nuna wanda yake so. Takardar likita da ke bayyana yadda gidan yanzu ke cutar da lafiya tana ƙara fifiko. Wasu ƙungiyoyin gidaje suna karɓar buƙata kai tsaye. Ƙungiyar EAC mai ba dattawa shawara kan gidaje tana da kundin rukunonin ƙasar a shafinta na HousingCare, ƙungiyar agajin dattawa ta Age UK kuma tana ba da shawara kyauta.

Kuɗin kashi uku ne ko huɗu: haya, kuɗin hidima na shara da lambu da lif da hasken baranda, kuɗin manaja da ƙararrawa, wani wurin kuma da kuɗin ɗumama gida na bai ɗaya. Ku nemi a rubuta muku kowanne dabam, domin tallafin haya na gwamnati, wato Housing Benefit, yana biyan haya da yawancin kuɗin hidima, amma ba ya biyan abinci ko ɗumama cikin gidan mutum ko kulawar jiki, sau da yawa ba ya biyan kuɗin ƙararrawa ma. Wanda ajiyarsa ta haura fam 16,000 ba ya samunsa, sai idan yana karɓar ɓangaren Guarantee Credit na Pension Credit, wato tallafin 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi. Abu ɗaya kuma: irin waɗannan gidaje ba sa cikin tsarin da ke ba ɗan hayar hukuma damar sayen gidansa.

Idan saye za mu yi fa?

A nan sai an yi hattara. Kusan dukkansu mallakar wa'adi ce, ta shekara 99 ko 125 ko 999, kuma ginin kansa na wani ne. Kuɗin hidima yana ƙaruwa kusan kowace shekara, ba ya tsayawa idan mai gidan ya koma asibiti ko ya rasu. Magada ne za su ci gaba da biya har a sayar. Sayarwa kuma takan ɗauki lokaci, tunda sai wanda ya kai shekarun da aka ƙayyade zai iya zama, sabbin gidaje da yawa kuma sun faɗi ƙasa da farashin da aka saye su.

Ku sa lauya wanda ya san wannan fanni ya nemo muku kuɗin fita, wato kason da ake cirewa idan an sayar ko an ba da haya. A wani wuri kashi 1 ne cikin 100, a manyan ƙauyukan 'yan fansho yakan kai kashi 10 zuwa 30. Hukumar gyaran dokoki ta yi rahoto a kansa a 2017 saboda masu saye ba sa ganinsa sai a makare. Kuɗin fili, wanda ake biyan mai ginin duk shekara, an hana shi a sabbin yarjejeniyoyin gidajen dattawa tun 1 ga Afrilu 2023, amma tsofaffin yarjejeniyoyi suna nan da nasu. Ku nemi lissafin kuɗin hidima na shekara uku da suka wuce da abin da ke cikin asusun manyan gyare-gyare. Asusun da babu komai a gini mai tsohon rufi da tsohon lif alama ce ta babban bashi a gaba. Doka ta wajabta a tuntuɓi waɗanda suka sayi gidajen kafin aikin da zai ci wa wani daga cikinsu fiye da fam 250.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai tsarin mallakar haɗin gwiwa na masu shekara 55 zuwa sama: ana sayen kaso har zuwa kashi 75, idan an kai nan ba a biyan haya a kan sauran.

Jikin mahaifiyarmu ya fara rauni bayan ta shiga. Daga ina za mu fara?

Ku kira sashen kula da manya na ƙaramar hukuma ku nemi a auna buƙatunta. Dokar kulawa ta 2014 ta ba ta wannan haƙƙi kyauta, komai dukiyarta. Kafin ranar, ku rubuta abin da ke gagararta a rana mafi muni, ba mafi kyau ba, kuma wani ya zauna tare da ita, saboda dattawa kan ce "lafiya lau" ga baƙo ko da sun kwana biyu ba su yi wanka ba.

Bayan haka sai a auna dukiya. Mai ajiya sama da fam 23,250 shi zai biya kulawarsa duka. Tsakanin wannan da fam 14,250 ana raba nauyin. Ba a lissafa darajar gidan da take zaune a ciki muddin a gida ake kula da ita. Idan daga asibiti ta fito, ku tambayi taimakon farfaɗowa, wanda kyauta ne har zuwa mako shida.

Kayan taimako da ƙananan gyare-gyare da ba su wuce fam 1,000 ba, kamar ƙarfen riƙewa, hukuma ce ke biya idan an tabbatar da buƙata. Babban aiki kamar cire baho a sa shawa yana shiga tallafin Disabled Facilities Grant, wanda iyakarsa fam 30,000 ne a Ingila da 36,000 a Wales. Ana duba kuɗin shiga, ana buƙatar izinin mai gida, kuma yakan ɗauki watanni, don haka a nema da wuri. Kada kuma a manta da Attendance Allowance, tallafin kuɗi ga dattawan da ke buƙatar taimako saboda ciwo ko naƙasa: ba a duba dukiya, ba sharaɗi ba ne a ce akwai mai kula da ita, kuma a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 73.90 ne ko 110.40 a mako. Mutane da yawa da suka cancanta ba su taɓa nema ba.

Mene ne gidaje masu ƙarin kulawa?

Mataki ne tsakanin rukunin dattawa da gidan kula da tsofaffi, ana kiransu "extra care". Mutum yana da gidansa da mabuɗinsa, amma akwai masu kulawa a cikin ginin dare da rana, galibi da wurin cin abinci, kuma an gina komai don keken guragu. Ana iya ƙara awannin kulawa ko a rage ba tare da ƙaura ba, ma'aurata kuma ba sa rabuwa don ɗaya ya kwanta ciwo. A ganinmu, duk wanda ya riga ya fara buƙatar taimako kullum, nan ya kamata ya nema tun farko maimakon ya yi ƙaura sau biyu. Gurabe kaɗan ne, kuma akwai kuɗin mako da kowa ke biya don kasancewar ma'aikatan dare, ko ya kira su ko bai kira ba.

Mai ciwon mantuwa zai iya zama?

A farkon ciwon, ƙwarai kuwa, kuma wanda ya saba da wurin kafin ciwon ya yi nisa yakan daɗe lafiya. Wanda aka kawo a makare ne ke wahala, domin ba zai iya koyon sabuwar hanya ko amfanin jar igiya ba. Ko dai ya ƙi ja, ko ya yi ta ja dare da rana.

Gyare-gyare masu sauƙi suna taimakawa: murfin masai mai launin da ya bambanta da daɓe, ƙarin haske, kabad mai ƙofar gilashi don a ga abin da ke ciki, alama ko hoto a ƙofar gida, na'urar da ke kashe murhu da kanta. A cire baƙin abin goge ƙafa a bakin ƙofa, domin yakan gan shi kamar rami, daɓe mai sheƙi kuma kamar ruwa. Alamomin da ke nuna wurin ya daina isa su ne fita da dare a ɓata, shiga gidajen maƙwabta, barin wuta a kunne a kai a kai, da ramewa don an manta da ci.

Tun hankali na nan a yi takardar wakilci ta dindindin, iri biyu, ta dukiya da ta lafiya, a yi rajistarsu a ofishin gwamnati na Public Guardian. Tun ran gini ran zane. Idan babu ta dukiya, ɗa ba shi da ikon sa hannu a yarjejeniyar haya ko soke ta, sai an je kotu, hanya mai tsawo da tsada.

Za a iya fitar da mutum don ya raunana?

Ɗan haya mai cikakkiyar yarjejeniya da ƙaramar hukuma ko ƙungiyar gidaje ba a fitar da shi sai da umarnin kotu bisa dalilin da doka ta sani, kamar bashin haya ko cutar da maƙwabta. Rauni kaɗai ba dalili ba ne. Idan aka ce "wurin nan bai dace da shi ba kuma", ku nemi a sake auna buƙatunsa kafin kowa ya sa hannu a takardar barin gida. Mazauna gidajen sadaka kariyarsu ba ta kai haka ba, domin ba 'yan haya ba ne a idon doka.

Idan gobara ta tashi, yaya mai wahalar tafiya zai yi?

Yawancin gine-ginen an tsara su ne a kan kowa ya zauna a gidansa sai idan wutar ko hayaƙin ya shafe shi, saboda bango da ƙofar kowane gida an yi su ne su tare wuta, ƙofar na tsawon minti 30. Wannan yana aiki ne kawai idan ƙofar tana rufe kanta. Dattawa kan tokare ta ko su cire abin da ke ja ta don ta yi musu nauyi; maganin shi ne a sa irin wanda ke barin ƙofa sakayau, ya rufe ta idan ƙararrawar gobara ta kaɗa. Kada a ajiye keken lantarki ko a yi cajinsa a baranda. Man shafawa na ƙaiƙayi da bushewar fata yana shiga tufafi da zanen gado ya sa su kama wuta nan take, wanki kuma ba ya fitar da shi duka, don haka mai shan taba da ke shafa shi yana cikin haɗari babba. Mai raunin ji yana buƙatar fitila mai walƙiya da abin da ke girgiza a ƙarƙashin matashi. Hukumar kashe gobara tana zuwa duba gida kyauta idan an nema.

Shin wannan ba hanyar sauke nauyin iyaye ba ce?

Ya danganta da abin da iyali suka yi bayan ƙaura. Tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa akwai 'yan uwa da ke zuwa, suna amsa waya, suna lura da canji. Falon taruwa ba ya maganin kaɗaici da kansa. A rukunin da manaja ba shi da lokacin shirya komai, falon yakan zauna a kulle. Maza da masu raunin ji da waɗanda Turancinsu bai yi ƙarfi ba su ne suka fi zama saniyar ware, don haka ku tambayi su wa ke zuwa taron, ba ko ana yin taron ba. Baƙi suna iya kwana, amma zama na dindindin sai da izini, ɗa ko jika da bai kai shekarun shiga ba kuma yawanci ba zai gaji hayar ba. Dabbar gida ma a tambaya a rubuce kafin a sa hannu.

Ina za a kai ƙorafi?

A fara da mai gidan a rubuce, a ajiye kwafi da hotuna. A gidajen hukuma da na ƙungiyoyi tsarin mataki biyu ne, amsar farko cikin kwanakin aiki 10 bayan sun tabbatar da karɓa, ta biyu cikin 20, daga nan sai ofishin Housing Ombudsman mai sauraron ƙorafin mazauna. Ƙorafi kan masu kulawa hanyarsa dabam, ta kamfanin kulawar ko ƙaramar hukuma. Tun Oktoban 2025 doka ta sa wa masu gidajen hukuma da na ƙungiyoyi wa'adin magance danshi da funfuna, haɗarin gaggawa kuma cikin awa 24.

Yaushe ya fi dacewa a ƙaura?

Lokacin da mutum zai iya zaɓa da kansa, ya tattara kayansa, ya san maƙwabta. Alamomin da ke cewa lokaci ya yi su ne kwana a falo don gudun matakala, rufe wasu ɗakuna saboda tsadar ɗumama su, daina fita bayan an bar tuƙi, ko faɗuwa ta biyu cikin shekara guda. Yin rajista ba ya tilasta wa kowa karɓar gida, sai dai wasu hukumomi suna rage fifikon wanda ya ƙi tayi sau biyu ko uku, don haka a karanta ƙa'idarsu. Idan tayi ya zo, kwanaki kaɗan ake bayarwa a amsa, shi ya sa yake da kyau a riga an auna gado da kujeru da firji, an ware abin da zai shiga gida mai ɗakin kwana ɗaya, an kuma san tsawon sanarwar da mai gidan yanzu ke buƙata don kada a biya haya biyu a wata guda.